Miyar Miso da Taliya Ba Nama: Amsa ga Ɗalibar da Ke Fama da Sanyin Sendai

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Sendai, arewa maso gabashin Japan, kuma wannan ne sanyina na farko a nan. Na daina shiga shagunan taliya saboda romon yawancinsu na ƙashin alade ne, naman halal ga tsada ga nisa, kifi kuma ƙarninsa na tayar mini da zuciya. Na sayo miso na gwada miyar taliya da kayan lambu zalla, sai ta fito ruwan gishiri, ba garɗi, taliyar ta caɓe, kafin awa biyu yunwa ta dawo. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da sanyi, Allah ya ba da sa'ar karatu.

Ko ba ki faɗa ba na san yadda kika yi. Kin ɗora ruwan famfo, kin dama miso, wato tsimammen kwaɓin waken suya da gishiri na Japanawa, a ciki tun da fari, kin zuba kayan lambu da taliya, kin rufe kin bar su suna ɓararraka har komai ya nuna. Haka hannunmu ya saba, domin daddawa da kayan miya sai sun sha wuta suke sakin abin da ke cikinsu. Miso kuwa kayan ƙarshe ne, ana dab da saukewa ake sa shi, kuma ba shi ke ɗauke da miyar ba. Mai ɗauke da ita wani romo ne da Japanawa ke kira dashi, shi ne kuma babu a tukunyarki. Miso a tsurar ruwa gishirinsa kawai harshe zai ji. Caɓewar taliya da saurin jin yunwa gyaransu ba wuya, amma sai an fara daidaita romon, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Dashin da aka fi yi a gidajen Japan na ganyen teku ne mai suna kombu da busasshen kifin katsuo da ake kankarewa siri-siri. Tunda kifi ba ya miki, akwai wata hanyar da ta girme mu duka. Gidajen ibadar mabiya Buddha sun shafe ɗaruruwan shekaru suna girki ba nama ba kifi, girkin da ake kira shojin ryori. Ƙasar ma kanta ta daɗe tana kauce wa naman dabbobin gida, tun daga dokar Sarki Tenmu ta shekarar 675 har zuwa 1872 da aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci nama. Mutanen da suka yi irin wannan dogon zama sun san yadda ake tatso garɗi daga tsiro, kuma romonsu na kombu ne da busasshiyar laimar kwaɗi irin ta ci mai suna shiitake.

Kombu ganyen teku ne mai kauri da faɗi, kusan duk wanda ake samu a Japan daga gaɓar Hokkaido yake fitowa. A 1908 wani malamin kimiyya a jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tace romonsa ya gano cewa sinadarin gulutamet ne ke ba shi wannan ɗanɗano da ba zaƙi ba, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba kuma gishiri ba, ya raɗa masa suna umami. Daga bincikensa aka fara sayar da Ajinomoto a 1909, farin magin nan na kasuwanninmu. Bayan kusan shekara 50 wani mai bincike, Akira Kuninaka, ya nuna cewa sinadarin guwanilet, wanda busasshiyar shiitake ke da shi da yawa, shi ma yana ba da wannan ɗanɗano, kuma idan ya haɗu da gulutamet ƙarfinsu ninkuwa yake yi sau da dama, ya wuce a ce an tara wannan a kan wancan. Wannan ninkuwar ce za ta tsaya miki a madadin ƙashi da nama. Romon kombu shi kaɗai ba ya da nauyi a baki, na shiitake ita kaɗai yana da wani bauri da warin ƙasa, amma in suka haɗu sai ki ji baki ya cika. Ki lura, busasshiya na ce. Ɗanyar shiitake tana da daɗin tauna, sai dai guwanilet ɗinta kaɗan ne; bushewa da sake jiƙawa ne ke buɗe hanyar samuwarsa.

Ga yadda za ki yi na cin mutum 4, ko naki ke kaɗai na 'yan kwanaki. Ruwa lita ɗaya da rabi, kombu giram 15, shiitake 5 ko 6. Kada ki wanke kombun. Farin garin da ke jikinsa wani nau'in sukari ne nasa na halitta, ki goge ƙura da ɗanyen tsumma kawai. Shiitake ki ɗauraye ta sama-sama. Ki zuba su a ruwan sanyi, ki rufe, ki sa a firji su kwana. Washegari ki juye a tukunya ki ɗora a kan wuta mara ƙarfi, ki bar ruwan ya yi zafi a hankali cikin minti 15 zuwa 20. Da zarar kin ga ƙananan kumfa sun fara taruwa a gindin tukunya da gefenta, ki tsame kombun. Ya fi sakin daɗinsa a wajen digiri 60, in kuwa ya tafasa sai ya saki yauƙi da ɗaci da ƙarnin teku, wato abin da kike gudu. Shiitake ki bar ta a ciki. Wannan hawan zafi a hankali ya dace da ita, domin tsakanin digiri 60 da 70 ne guwanilet ɗinta ya fi samuwa. In kika buɗe wuta ruwan ya tsallake wannan matakin da gudu, kin yi asara. Ki bar ta ta ɗan tafasa minti 5, ki kwashe kumfa, ki tsame ta ki matse ruwanta a tukunya, ki yanke ƙafar mai tauri, ki yayyanka hular ki ajiye. Ruwan ƙarshe na gindin tukunya yakan yi tsakuwa-tsakuwa, ki tace shi.

Kafin ki ci gaba, ki ɗebi cokali ɗaya ki sa masa ɗan gishiri ki ɗanɗana. In kin ji daɗi ya zauna a bayan harshe ya ƙi tafiya, romo ya yi. In kin ji ruwa-ruwa, ki jefa ɗan dunƙulen kiriboshi daikon, wato daikon, farar saiwa mai kama da ƙaton karas, da aka yanka siri-siri aka busar, ko tafin hannu ɗaya na waken suya da kika gasa a busasshen kasko, ki bar su minti 10. Masu girkin gidajen ibada suna yin duka biyun. Wata sa'a kuma da kika yi: ruwan famfon Japan yawancinsa mai laushi ne, ba shi da ma'adinai da yawa, irinsa kombu ke so. Wanda ke zaune inda ruwa ke barin farin dattin alli a buta zai ga romonsa bai kai naki ba ko da ya bi ƙa'ida.

Sai miso kansa. Waken suya ne da aka dafa aka daka, aka haɗa da gishiri da koji, aka danne a ganga ya tsima. Koji shinkafa ce ko sha'ir ko wake da aka rena wata fumfuna ta musamman a kansu, ita ke narkar da furotin ɗin waken ya koma gulutamet da 'yan'uwansa, ta mayar da sitacin shinkafa sukari. Yawan koji, yawan gishiri da tsawon tsimi su ke bambanta wannan da wancan. Farin miso na Kyoto zaƙi ne da shi, gishirinsa kashi 5 zuwa 7 cikin 100, 'yan makonni yake yi ya nuna. Na Shinshu, wato Nagano, wadda ke samar da kusan rabin mison ƙasar, ruwan ɗorawa ne matsakaici, ya dace da komai. Na garinku, Sendai miso, ja ne mai ƙarfi, gishirinsa wajen kashi 12 zuwa 13, kuma sunansa ya fito tun zamanin gidan sarautar Date a ƙarni na 17. Akwai kuma Hatcho na garin Okazaki, wake ne zalla da gishiri, ana danne shi da tulin duwatsu a manyan gangunan katako sama da shekara 2, ya fito baƙi-baƙi da tauri da ɗan ɗaci. Ina kyautata zaton jan Sendai kika saya, shi ya cika shagunanku, shi ya sa gishiri ya dake ki. Ni a miyar da ba nama na fi son gauraye: kashi biyu na ja, kashi ɗaya na fari. Jan ya kawo zurfi, farin ya tausasa shi ya kawo zaƙin da zai raba ki da neman mirin.

Tunda na ambaci mirin, bari mu tsaya a kan takardar jikin roba, domin a nan 'yan'uwanmu da yawa ke shiga ruɗu. Mirin giyar shinkafa ce mai zaƙi, barasarta wajen kashi 14 cikin 100, kuma kusan duk bayanin girkin da za ki gani na Japanawa zai ce ki zuba shi ko wata giyar shinkafar mai suna sake. Ki tsallake su, zaƙin kabewa da albasa da farin miso ya wadatar. A jikin miso ki duba abu biyu. In kin ga だし入り, an riga an haɗa masa dashi, kuma kusan kullum na kifi ne. In kin ga 酒精 ko アルコール a jerin kayan haɗi, an ƙara masa barasa don a tsayar da tsimin kada robar ta kumbura. Wanda aka rubuta wa 無添加 ba a ƙara masa komai ba, wake ne da shinkafa da gishiri, sau da yawa za ki ga ɗan ƙaramin rami na shan iska a murfinsa saboda yana nan yana aiki. Gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba ita ce, duk mison da ya daɗe yana tsima yakan samar da ɗan burbushin barasa da kansa. Hukuncin wannan na malamai ne, akwai kuma miso mai shaidar halal ga wanda ke son hankalinsa ya kwanta gaba ɗaya. Haruffan barasar nan dai ki neme su har a jikin kwalbar shoyu, wato baƙin ruwan ɗanɗano na waken suya, da ledar ɗanyar taliya, domin can ma sukan ɓuya. Busasshiyar udon, farar taliyar alkama mai kauri, yawanci fulawa ce da gishiri kawai.

To, wace taliya? In za ki bi shawarata, ki bar ramen, siririyar taliyar shagunan nan, tukuna ki fara da hoto, abincin mutanen Yamanashi, ƙasar tsaunuka da ke arewacin Dutsen Fuji, inda shinkafa ba ta wadata ba a da, alkama ta zama abin dogaro. Taliya ce mai faɗi da kauri da ake dafawa ɗanya a cikin miyar kanta tare da kabewa. Garin jikinta da kabewar da ta narke su ke ɗaure romon, kaurinta ya doshi na faten doya, ta riƙe zafi har ki gama ci, ta kuma riƙe ciki. Ga mai fama da miya tsararo da yunwar awa biyu, ban san abin da ya fi ta ba. Kwaɓinta ba wahala: fulawa giram 300, ruwan ɗumi mililita 140 zuwa 150, ba gishiri. Ki murza har ya haɗe ya yi santsi, zai yi miki tauri da farko, kada ki ƙara ruwa da gaggawa. Ki rufe shi minti 30, ki barbaɗa gari, ki murza da muciya ko kwalba ya kai kaurin milimita 3, ki ninka, ki yanka faɗin santimita 1, ki warware. Rashin gishirin da gangan ne: taliyar da aka kwaɓa da gishiri dole a dafa ta daban don ya fita, wannan kuwa kai tsaye take shiga tukunya. In ba ki da lokaci, manyan shaguna na sayar da ɗanyar hoto a leda lokacin sanyi.

Kayan lambu ki bi abin da lokaci ya kawo, shi ya fi araha ya fi zaƙi. Kabewar Japan, kabocha, giram 400 da ɓawonta. Japanawa na da al'adar cin ta ranar da dare ya fi tsawo a watan Disamba. Karas 1, guntun daikon, rubu'in hakusai, wato kabejin nan mai dogon ganye, negi 1 ko 2, wanda albasa ce doguwa mai farin wuya, da gwaza 'yan ƙanana in kin samu. Sai awara: ta momen mai ɗan tauri giram 300, da aburaage guda 2, wato awarar da aka yanka fale-fale aka soya. Aburaage ki kwarara mata tafasasshen ruwa ki matse kafin ki yanka, don tsohon mai ya fita ta iya shan romo.

Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi, ta ƙasa in kina da ita. Ki zuba man riɗi cokali babba 2, ki soya farin ɓangaren negi a wuta kaɗan har ya yi laushi ya fara ja, ki sa daddatsiyar ɗanyar citta da tafarnuwa. Masu shojin ryori ba sa taɓa tafarnuwa da dangin albasa, amma ke ba abin da ya ɗaure ki. Ki sa cokali 1 na jan miso a cikin man ki juya na minti ɗaya har ƙamshin gashi ya tashi. Ki zuba shiitake, karas, daikon da gwaza ki jujjuya, sannan romo. In ya tafasa ki rage wuta, minti 5, sai rabin kabewar da kika yanka ƙanana, wadda aikinta ta narke. Bayan wasu minti 5 ki kakkaɓe taliyar ki zuba a warwatse, ki juya da sauri kada ta dunƙule, ki sa sauran kabewar manya-manya, da aburaage, da farin ɓangaren hakusai. Ki dama cokali 2 na miso ki zuba a wannan gaɓar don kayan su sha tun suna dahuwa. Minti 10 zuwa 15 taliyar ke ɗauka, ki ciro ɗaya ki gutsura, in ba farin gari a tsakiyarta ta yi. Ki riƙa kai ludayi gindi domin kauri na kamu. Awara da ganyen hakusai a minti 3 na ƙarshe.

Yanzu ki kashe wuta. Sauran miso, cokali 2 zuwa 3, ki sa a ludayi ko ƙaramar rariya, ki nutsa rabi a romon, ki dama da cokali har ya narke, kada ki jefa shi dunƙule. Za ki ce na hana tafasa miso ga shi na sa kin soya wani kin dafa wani. Abin da wuta ke kora shi ne ƙamshin sama, wanda tsimi ya haifar kuma yake bin tururi ya gudu. Gishiri da gulutamet ba inda suke zuwa. Don haka na farko na zurfi ne, na ƙarshe na hanci ne, kuma in duka aka zuba tun farko hanci ba ya samun komai. Mison wake zalla irin Hatcho ne ya fi jure doguwar wuta, shi ya sa mutanen Nagoya ke dafa udon ɗinsu a cikinsa a tukunyar ƙasa. Maganar da ake yawan yi cewa kada a tafasa miso don kada a kashe ƙwayoyin halitta masu amfani ga hanji, ni ban cika ɗora mata nauyi ba: miyar da za ta ɗumama mutum a watan Janairu zafinta ya riga ya fi ƙarfin yawancinsu, wasu mison kuma tun daga masana'anta aka turara su. Don ƙamshi ake kiyayewa.

Saura maiƙo, wanda masu barin nama suka fi mantawa da shi. Miso ramen na Sapporo, da ya ɓulla a tsakiyar shekarun 1950 a wani shago mai suna Aji no Sanpei, ya shahara a garin da dusar ƙanƙara ke rufewa, kuma masu yin sa a can sukan bar kitse ya lulluɓe saman kwano don kada zafi ya tsere. Nasu kitsen alade ne, naki riɗi. Ki dama nerigoma, markaɗaɗɗen riɗi, cokali 2 tare da mison ƙarshe. In kina son romo fari mai santsi, ki ƙara kofi ɗaya na madarar waken suya mara sukari, wadda aka rubuta wa 無調整, bayan kin rage wuta sosai. In ta tafasa da gishiri a ciki tsinkewa take yi ta zama gudaji. A kwano ki yaryaɗa ɗan man riɗi, ki watsa koren negi, da shichimi, haɗin garin barkono na Japanawa, in kina son yaji. In da yajin gida a jakarki, ya fi shichimi faɗa, ki sa abinki.

Ranar da kika zaɓi udon busasshiya, ko soba, siririyar taliya mai ruwan toka, ko ramen, ko umen ɗin Shiroishi da ke kudu da ku, gajeriyar taliyar nan da ba a sa mata mai, dokar ta juya. Ki dafa ta daban a ruwa mai yawa, ki rage minti ɗaya daga abin da aka rubuta, ki tace, udon da soba ki ɗauraye su don sitaci ya fita, ki sa a kwano mai ɗumi, ki kwarara miya a kai, ki ci nan take. Taki ta caɓe ne saboda ta dahu a cikin miya ta kuma zauna a ciki, ta ƙara mata nata gishirin.

Batun gina jiki, ga lissafi a sauƙaƙe. Awarar momen na da furotin wajen giram 7 a kowane giram 100. In kika haɗa rabonki na awara da aburaage da miso da fulawa, kwano ɗaya zai ba ki tsakanin giram 15 da 20. Alkama na da ƙarancin wani ginshiƙin furotin mai suna layisin, waken suya kuwa na da shi da yawa, don haka haɗin ya cike giɓin juna. In ranar ɗakin gwaji ce mai tsawo, ki ninka awarar ko ki watsa edamame, wato koren waken suya. Abin da wannan miya ba za ta ba ki ba shi ne bitamin B12; kada ki dogara da miso ko ganyen teku a kansa. In watanni za ki yi ba nama ba kifi, ki riƙa cin ƙwai da madara, ko ki sha ƙwayarsa. Mace mai jinin al'ada kuma ta kula da sinadarin ƙarfe: ganyen komatsuna a miya, lemon mikan bayan ci, shayi kuma a ɗan jinkirta shi.

Gishiri shi ne aibin miso. Cokali babba ɗaya, giram 18, na ɗauke da gishiri wajen giram 2. Cokali 6 a tukunyar mutum 4 ya kai kowa kusan giram 3, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kada babba ya kai giram 5 a yini. Kwano ɗaya ya cinye fiye da rabi ke nan. Romo mai ƙarfi ne ke ba ki damar rage miso ba tare da miyar ta yi lami ba, don haka ki fara da cokali 5 ki ɗanɗana. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya ci kayan ya bar ragowar ruwan. Kombu kuma ayodin ɗinsa ya fi na kowane abinci da aka saba ci yawa, kuma yana fita cikin romo. Mai maƙoƙo ko wata matsalar maƙogwaro irin tasa, da mai juna biyu, su tambayi likita kafin su mayar da shi na kullum. Ke ma da jikinki bai saba ba, ki riƙa hutawa, wata rana shiitake da kiriboshi daikon kaɗai.

Na san 'yan gida ma za su karanta, su ce mu da hunturu ya shigo mana fa? Kabewa, karas, kabeji, lawashi, gwaza, citta, riɗi, awara, duk suna kasuwa, awararmu ma ta fi ta momen tauri, ba ta farfashewa a miya. Miso akan same shi a shagunan kayan Asiya na manyan birane, tsimammen waken Koriya mai suna doenjang ma ɗan'uwansa ne na kusa. In ba kombu, kauɗar tumatir na cike da gulutamet. A jiƙa 'yan ƙwayoyi tare da busasshiyar shiitake ta leda, a soya albasa a hankali har ta yi ja. Kada kowa ya tsinko laimar kwaɗi a daji, wasu kisa suke yi kuma ido ba ya rabewa. Daddawa ba za ta zama miso ba. Ita bakteriya ce ke ruɓar da kalwa cikin 'yan kwanaki ba gishiri, danginta a Japan natto ne, ruɓaɓɓen waken suya mai yauƙi. Miso fumfuna ce da gishiri da watanni. Miyar taliya da daddawa da kabewa da riɗi za ta yi daɗi ƙwarai, sai dai ita tun farko za a sa ta ta sha wuta. Mai son taliya mai tauri irin ta ramen kuma ya sani ruwan kansui da ake kwaɓa ta da shi dangin kanwa ne, don haka ɗan tacaccen ruwan kanwa a kwaɓi, ko cokali ɗaya na bekin soda a litar ruwan dafa sufageti, zai kawo launin da taunar kusa. Abu ɗaya da nake roƙo, kada a ce za a rena koji da fumfunar da ta fito wa shinkafa da kanta. Fumfunar koji 'yar'uwa ce ta kusa ga wadda ke sa gubar afulatoksin a gyaɗa da masara, a ido kusan ɗaya suke. Irin koji saye ake yi daga masu sana'arsa.

Ke kuma ƙanwata, don kada girkin ya cinye miki lokacin karatu, ki yi romon lita 3 a ƙarshen mako. Yana kwana 3 a firji, sauran ki daskarar a ƙananan robobi. Mison ki danne samansa da leda ki sa a firiza. Gishirinsa ba ya bari ya daskare, cokali na shiga, launi da ƙamshi kuma ba sa juyawa. Kombun da kika tsame kada ki zubar, ki yanka siri-siri ki dafa da shoyu da ɗan sukari har ruwan ya ƙone, mahaɗin shinkafa ne. In hoto ta kwana za ki tarar ta daskare ta shanye ruwanta. Ki ƙara romo ko ruwan zafi, ki ɗumama a wuta kaɗan kina juyawa, in ta yi zafi ki kashe ki dama rabin cokali na sabon miso.